Ranar da Desley ta ɗaura mita huɗu da rabi

Kwana tara da gama girbin alkama na wanke motar girbi na tura ta rumfa, na loda kayan ruwa a bayan a-kori-kura, na gangara bakin teku a Coronation. Haka nake yi kowace shekara in Disamba ta zo ƙarshe. Daga gonata zuwa can tafiyar minti arba'in ce.

In ka cire baƙin da ke zuwa daga Turai suna kwana a motocinsu, mu 'yan gida da ke hawa allo a kan ruwa iska na jan mu a wurin ba mu wuce goma sha biyu ba. Dukkanmu kuma Desley muke kallo.

Shekarunta sittin da uku a lokacin, gajeriya ce busasshiya, rana ta gasa mata fata. Tana da shago a Geraldton inda take ɗinka tamfol na motocin hatsi, in filafilin wani ya yage kuma, wato babban ƙyallen da ke kama mana iska a kan allo, ita ke ɗinke shi. Takan iso wajen ƙarfe ɗaya na rana, ta hau tudun yashi, ta fuskanci kudu inda iskar yamma ke fitowa, ta tsaya hannu a ƙugu kamar minti biyar. Sannan ta sauko ta jawo filafili ɗaya daga motarta. Daga nan kowa ya san girman nasa, da mita ake auna shi. Ni na fi ta nauyi da kilo ashirin, sai in ƙara rabin mita a kan abin da ta ɗauka. Dino direban tirela, wanda ya haura kilo ɗari, ya ƙara mita guda. Ba ta taɓa cewa kowa ya bi ta ba. In ka tambaye ta ma sai ta ce, “Ba ka da ido ne?”

Shekara shida kafin nan muka koma ɗaura fiffike a ƙarƙashin allo. Sanda ce mai kusan tsawon mita, a ƙarshenta fiffike irin na jirgin sama. In gudu ya kai, sai allon ya ɗaga ya bar ruwa, ka riƙa tafiya shiru a sama ba jijjiga. Mu masu ciwon gwiwa mun ji daɗin abin. Sai dai fiffike ba ya yafe kuskure. A da, in filafili ya yi maka yawa, iyakarta ka sha wuya ka dawo da ciwon hannu. Yanzu in ya yi yawa, ko fiffiken ya cika faɗi, allon zai yi ta ɗagawa har fiffiken ya leƙo waje, sai hancin allon ya soki ruwa, kai kuma ka wuce ta sama. Gefen fiffiken bai kai wuƙa kaifi ba, amma a guje ba ka bambanta su.

Ranar an tashi da zafi, iska na busowa daga tudu, ƙudaje sun cika ko'ina. Na tarar da Dino zaune a inuwar motarsa yana cin soyayyen kifi da dankali daga cikin takarda. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci iska ta juya, farar motar Desley kuma ta shigo.

“Tsohuwa, yi sauri mana,” in ji Dino. “Ƙudaje sun kusa cinye mu.”

“Su cinye ka. Ai kai akwai abin ci a jikinka.”

Ta hau tudun. Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Ta cire tabarau ta goge da bakin riga, ta mayar, ta karkata kai gefe guda, ta sake karkata shi ɗaya gefen. Da ta sauko sai ta jawo mita huɗu da rabi, ta ɗauko babban fiffikenta.

“Biyar da rabi ke nan,” in ji Dino, ya murƙushe takardar ya miƙe.

Waya ba ta kamawa a Coronation sai a saman tudun, ni kuma matata ta ce in kira ta kan famfon ruwan tumaki. Na hau. Ina cikin magana da ita idona ya kai kudu. Can nesa, bayan inda ƙasa ta kutsa cikin teku, ruwan ya yi duhu, kuma farin kumfa ya rufe samansa daga wannan gefe zuwa wancan. Ni manomi ne, rabin rayuwata kallon sama da nesa nake yi. Na san abin da na gani. Iska ce babba, ba ta iso ba tukuna.

Da na sauko na ga wasu miji da mata 'yan Suwizalan suna haɗa ƙananan filafilai, suna duba hasashen iska da suka ajiye a waya. Dino ya nuna min su da haɓa.

“Ka ga waɗancan? Wayarsu ce ke hura musu iska.”

Na yi dariya. Motata tana can ƙarshe bayan wasu ƙananan itatuwa. Na fito da mita biyar na shimfiɗa a ƙasa, don shi ne lissafina in na bi Desley. Na tsaya a kansa. Sai na naɗe shi na mayar, na ɗauko uku da ɗigo bakwai da ƙaramin fiffike.

Ban gaya wa kowa ba. Na sha juya wannan a raina tun daga lokacin. Shekara goma sha tara ina bin matar nan ban taɓa ganin ta kuskure ba, kuma ba na son in zama mutumin da ya tsaya a tsakiyar jama'a yana gyara wa Desley. In kuma ni ne na kuskure, Dino zai yi ta yi min tsiya har bikin Ista. Iyakar dalilin ke nan. Na nemi wanda ya fi shi ban samu ba.

Minti ashirin na farko Desley ce da gaskiya. Iskar ba ta isa ta ɗaga ni ba. Ina ta girgiza filafili ina jan allo a ruwa kamar mai tura baro a yashi, sauran kuwa duk sun tashi. Desley ta wuce can gaba a miƙe, ko motsi ba ta yi. Dino ya zo ta kusa da ni da gangan, yana sama da ni da kusan mita guda.

“Graeme! Hankicin matarka ka ɗaura?”

Ya wuce yana dariya.

Ƙarfe biyu da kwata iskar ta iso. Ba a hankali ta zo ba. Na ji filafilina ya cika lokaci guda, allon ya zabura, kafin in gyara ƙafa na tashi. Ruwan ya koma toka-toka, saman igiyoyin ruwan yana tsinkewa yana dukan fuska. Ni da ke da ƙaramin kaya ma sai da na danne ƙafar gaba da dukan nauyina don kada allon ya ƙwace.

Na hango Desley. Ba ta yi gardama da iskar ba. Ta cire ƙugiyar ɗamarar da ke maƙale ta da filafili, ta saki filafili ya faɗa ruwa, ta kwanta a kan allo ta bar igiyar ruwa ta kai ta arewa. Daga baya na ji kilomita biyu ƙasa da mu ta fito, ta dawo a ƙafa. Wasu mutum uku suka yi kamar yadda ta yi.

Dino bai saki ba. Yana can waje, bayan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, ya juyo yana son ya kawo kansa gaɓa da ƙarfin tsiya. Na ga ya jingina baya, hannayensa a miƙe, allon yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka. A karo na uku fiffiken ya fito fili gaba ɗaya, na ga hasken rana a jikinsa. Hancin allon ya nutse. Ƙugiyarsa na maƙale da filafilin, don haka ya wulwula da shi ta sama, allon ya kife ya bi shi.

Na ɗauki kamar minti huɗu kafin in kai wurinsa. Yana riƙe da allonsa da hannu ɗaya, hular kwanonsa ta karkace. Ruwan da ke kewaye da shi ya canza launi.

“Kada ka kalla,” in ji shi.

“Ina ne?”

“Bayan ƙafa. Ta hagu. Na ce kada ka kalla, mutumina.”

Na kalla. Fiffiken ya yanka rigar ruwan da ta rufe shi har ƙafa, da naman da ke cikinta, daga ƙasan gwiwa zuwa kusa da idon sawu. Na kwance igiyar da ake jan filafili da ita na ɗaure masa sama da gwiwa, na ja har ya zage ni. Na cire filafilinsa daga allon na bar wa teku. Ya kwanta a kan allonsa ya kama madaurin ƙafa na bayan nawa, na riƙa jan mu a hankali, allon a ruwa ba a sama ba. Daga ni har shi ba wanda ya ambaci manyan kifayen da jini ke kira, amma na lura bai bar ƙafar ta taɓa ruwa ba.

A gaɓa 'yan Suwizalan nan suka taimaka muka ɗora shi a motata. Matar ta naɗe ƙafar da tawul biyu. Na kai shi asibiti a gari cikin minti ashirin da biyar, ƙafarsa a kan gaban mota, yana ta lissafo min wanda zan kira ya karɓi lodinsa na jibi. Ɗinki talatin da ɗaya aka yi masa, kuma yankan ya taɓa jijiya. Likita ta ce ya manta da tuƙin tirela na wata uku.

Washegari da hantsi na koma. Matarsa Pina na zaune a gefen gado tana ɓare masa lemo. Ta gaishe ni, ta rungume ni, ta ce ba ta san yadda za ta gode min ba, sannan ta fita neman shayi. Dino ya bi ta da ido har ƙofa ta rufe.

“Zauna,” in ji shi.

Na zauna.

“Jiya na kasa barci, sai nake ta tunani. Uku da ɗigo bakwai ka ɗaura.”

“Eh.”

“Da ƙaramin fiffike.”

“Eh.”

“Tsohuwa ta ɗauki huɗu da rabi. Kai biyar ne naka. Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ka sauka daga lissafinta ba.” Ya ɗauki ɓawon lemo yana murzawa. “Me ka gani a kan tudun?”

Na gaya masa.

“Ka sauko ka tarar da ni ina haɗa biyar da rabi.”

“Eh.”

“Har ka yi dariya da na tsokani Turawan nan.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ɓawon a kan faranti, ya gyara filo.

“Na gode da ka fito da ni,” in ji shi. “Da gaske nake. Yanzu tafi, kafin Pina ta dawo ta sake rungumar ka.”

Daga asibitin na wuce shagon Desley. Ƙofar a buɗe take, rediyo na yi. Na tarar da ita a bakin keken ɗinki da wata babbar fitila a kunne tsakar rana, ga gilashin ƙara girma ɗaure a jikin keken. A kan tebur akwai koren tamfol wanda layin ɗinkinsa ya fara daidai, ya kauce da faɗin yatsa biyu, aka warware aka sake.

“Wane ne?” in ji ta, alhali ina tsaye a gabanta taku huɗu. Sai ta karkata kai. “Au, Graeme. Yaya ƙaton?”

“Talatin da ɗaya. Wata uku ba aiki.”

Ta kashe rediyon.

“Tun yaushe?” na tambaye ta.

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. “Tun Yuni. Tsakiyar idon ne. Duk abin da na kalla kai tsaye sai in ga kamar an shafa man shanu a gilashi. Gefe-gefe ina gani. Duk wata ina zuwa Perth su soka min allura a ciki. Na dama ya tafi, na hagu suke ƙoƙarin riƙewa.”

“To tun Oktoba da aka fara shiga ruwa, da me kike zaɓar filafili?”

“Da kunne. Da fuska. Da yadda yashi ke dukan ƙafata.” Ta ɗaga kafaɗa. “Duk suna gaya min iskar da ke nan. Wadda ke tahowa, ido ne kaɗai ke ganinta. Wata biyu ina dace. Jiya ban dace ba.”

“Da kin faɗa.”

“Da na faɗa, da an karɓe min lasisin mota. In ba mota, wa zai kai ni Coronation? Wa zai kawo tamfol wurin makauniya?” Ta jawo zare daga allura ta yanke da haƙori. “Ban taɓa cewa kowa ya bi ni ba.”

“Kin san muna bi.”

“Na sani.” Ta ajiye zaren. “An ce kai ka jawo shi. A iskar jiya. Me ka ɗaura?”

Na faɗa mata.

Ta juyo da gefen fuskarta gare ni, ta daɗe a haka. “Wato ka gani.”

“Na gani.”

“Ni ban gani ba na yi shiru, kai ka gani ka yi shiru. Kai, Dino ya yi sa'ar abokai.” Ta miƙe ta laluba makullin shago a kan ƙusa. “Tashi ka kai ni wurinsa. Ba zan sake tuƙi ba.”

Na kai ta. Na zauna a mota a filin ajiye motoci kusan awa guda. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ba ta gaya min ba, shi ma bai taɓa gaya min ba. Da ta fito ta ce in tsaya a kanti ta sayi madara.

Labarin idonta ya kai Coronation kafin sabuwar shekara, don ita da kanta ta sa aka faɗa. Wasu suka ce ai sun daɗe da lura. Ba su lura ba.

Sauran bazarar nan ni nake ɗauko ta. Hanyar ta ƙaru min da awa guda zuwa da dawowa. Mukan hau tudun tare, ta ce, “Faɗa min,” sai in faɗa mata launin ruwan, da inda farin ya tsaya, da ko jiragen masunta sun fara komawa. Takan yi min tambayoyin da ban taɓa tunaninsu ba: ko farin a jere yake ko a warwatse, ko tsuntsaye na zaune a ruwa ko sun tashi. In iskar ta yi yawa ta zauna a mota da shayinta. In matsakaiciya ce ta shiga. Na sayi riga ruwan lemo mai ƙyalli ina sawa a kan rigar ruwa, in tafi gabanta kaɗan ta gefen hagu inda take iya hango ni, in na juya ta juya. Sau goma sha ɗaya muka yi haka. Ko sau ɗaya ba ta faɗi ba. A na ƙarshe, cikin Maris, ta fito ta zauna a kan yashi ta ce ta daina ganin rigar sai ta zo dab da ni, kuma ba ta son ranar da za ta hau kaina da fiffike.

A Afrilu ta rufe shagon ta koma wurin 'yarta a Mandurah. Ta rarraba kayanta. Ƙaramin filafilinta na mita uku ta ce in ajiye mata a rumfata, ba kyauta ba ce, ajiya ce.

Dino bai zo bakin teku ba duk tsawon lokacin. Na kira shi sau biyu, Pina ce ta ɗauka, ta ce yana barci.

Cikin Mayu, ina gyaran injin shuka ina jiran ruwan farko, tirelar taki ta shigo gona. Ban san shi kamfanin zai turo ba. Ya sauko a hankali, ƙafar dama tukuna, sannan ya jawo ta hagun. Ya rame kaɗan.

“Ina zan zuba?” in ji shi.

Na nuna masa. Ya ja da baya ya daidaita motar a bakin rumbu, ya ɗaga bodin, muka tsaya gefe muna kallon takin na zuba, ƙura na tashi.

“Yaya ƙafar?”

“Tana nan. In sanyi ya yi sai ta tuna da ni.” Ya ɗage wando ya nuna min. Tabon ja ne, ya yi kauri, ya ɗan lanƙwasa a ƙasa. “Tsohuwa ta ce da ita ta ɗinka da ya fi wannan kyau, ko da idon nata.”

“Kuna magana?”

“Duk Lahadi take kira. Ta ce ruwan can kamar na baho ne, ba iska ba komai.” Ya sauke wandon. “Ta ce kana sa riga ruwan lemo. Na so in ga wannan.”

Na tambaye shi ko zai koma ruwa.

“Pina ta ce in ta sake ganin allo a gidan za ta cinna masa wuta.”

“To shi ke nan.”

“Yana garejin ƙanena.” Ya tofa ƙura. “Babban fiffiken na bayar. In Oktoba ta yi zan nemi ƙarami. Wane iri ne naka?”

Na faɗa masa. Ya ciro biro daga aljihu ya rubuta a bayan takardar lodi, ya miƙo min gabanta in sa hannu. Na ce ya shigo ya sha shayi, matata ta gasa burodi. Ya duba agogo ya ce yana da wani lodin a Binnu kafin la'asar. Ya karɓi ruwa a gora, ya sauke bodin, ya hau da ƙyar.

Ta taga ya leƙo ya kalli yamma. “Kana ganin za a yi ruwa?”

“Ba wannan satin ba.”

Ya gyaɗa kai, ya tayar da mota. Na rufe ƙofar rumbun na koma kan injin shuka, akwai bututu biyu da suka toshe.